Daga lambu zuwa tukunya: shirin hutun bazara a karkara da abokai

Masarar da aka karya da safe aka jefa a tukunya kafin a cika awa guda, da wadda ta kwana biyu tsakanin bayan mota da rumfar kasuwa, suna kawai suka haɗa. Tun daga lokacin da aka raba goyon da kara, sukarin da ke cikin ƙwayar ke juyewa yana zama sitaci, kuma zafi ne ke ingiza shi. A digiri 30 na ma'aunin Selshiyas, tsofaffin irin masara mai zaƙi na iya rasa fiye da rabin sukarinsu a kwana ɗaya, alhali in an sanyaya su kusa da sifili abin da suke rasawa bai taka kara ya karya ba. Haka ɗanyen wake yake, haka ganye, kowanne da nasa saurin. Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin tsinka da ci ita ake tafiya nema idan an tattara abokai an nufi karkara hutun lokacin zafi. Ita ce kuma ta fi saurin ɓaci, domin ranar da ta nunar da lambun ita ce dai ke lalata abin da aka tsinko. Kusan duk shirin da ke ƙasa na tsare wannan tazarar ne.

Kafin a ɗaura kaya

A fara da mai lambun, ko ɗan'uwan ɗayanku ne ko mai gidan da za ku sauka. Tambayar farko ita ce me zai nuna a ainihin makon da za ku zo. Sati biyu kacal na iya raba ku da kankana, ko ku tarar latas ya yi tsiri ya fara ɗaci saboda zafi. Daga nan sai ruwa: na rijiya ne ko na famfo, kuma ana shan sa haka nan? Sai wutar lantarki da firij, sai wurin girki, sai nisan asibiti mafi kusa da kuma ko waya na samun sabis.

Mutum shida zuwa takwas ne adadin da ya fi dacewa a ganina. Tukunya ɗaya na ɗaukar abincinsu, kuma ana iya zama wuri guda kowa ya ji maganar kowa. Da an haura goma, girki ya koma na taro, wani zai wuni a bakin murhu yana kallon sauran suna hutawa.

Ga lissafin da yawanci ba a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Mutum takwas ke nan kilo 3.2 kullum, kilo 16 a kwana biyar, kuma wanda ya taho musamman don wannan abincin ba a nan zai tsaya ba. Ƙaramin lambun bayan gida da aka shuka wa iyali mai mutum huɗu ba zai ɗauki wannan nauyin ba sai an yi masa ƙarƙaf, ku tafi ku bar mai gida da kara. Gara tun da wuri ya haɗa ku da maƙwabta biyu ko uku da za a riƙa saya a bakin gonarsu. Ƙwai ma haka: kaza ba ta wuce ɗaya a rana, zafi kuma na rage mata. Karin kumallon mutum takwas da ƙwai bibbiyu ya kai 16, abin da kaji goma ba za su taɓa bayarwa a kwana ɗaya ba.

Lambu ba ya ba da mai, ba ya ba da gishiri. Na kwana biyar, mutum takwas za su buƙaci shinkafa kilo 4 idan sau ɗaya ake cin ta a rana, a kan giram 90 kowane mutum. Fulawa kilo 5 idan za a riƙa yin burodin kasko, mai lita 2, gishiri rabin kilo, sukari kilo 1 ko 2, yis, lemon tsami, ruwan khal da kayan ƙamshi. Kayan aiki kuwa, kada a dogara da na gidan da za a sauka. A tafi da wuƙa biyu masu kaifi, katakon yanka biyu masu launi daban domin na nama kada ya taɓa ganye, tukunya mai cin lita 10, kasko mai kauri, baho biyu, sabulu, fitilar hannu, murfin raga na rufe abinci, da kula biyu. Abu na ƙarshe, wanda ake yi wa dariya har sai an ga amfaninsa, shi ne ma'aunin zafin abinci mai tsinke. Ba shi da nauyi, kuma shi kaɗai ke kashe gardamar ko kaza ta dahu.

Tsinka

Abin da za a ci a yini, da safe ake yanke shawararsa a cikin lambu, bayan an ga abin da ya nuna. Wanda ya rubuto jadawalin girki tun daga birni zai ƙare da tsinkar ɗanyen abu don ya cika takarda.

A shiga bayan raɓa ta ɗan bushe, kafin rana ta yi ƙarfi. Da safe tsiro na cike da ruwan da ya sha cikin dare, jikinsa kuma da sanyi. Ganyen da aka yanka da tsakar rana ya riga ya ɗauki zafi, yana yaushi tun kafin a kai shi inuwa. Jiran raɓa kuwa don tsiron ne: cututtukan ganyen wake da tumatir na bin hannu da tufafi daga jiƙaƙƙen tsiro zuwa na kusa da shi. Mutum biyu sun isa shiga, a bi ta tsakanin kunya, kada a taka inda aka shuka. Kwando ya zauna a inuwa, ba a bakin hanya cikin rana ba.

Kowane abu da alamarsa. Masara ta isa idan gemunta ya bushe ya yi ruwan ƙasa, wajen kwana 20 bayan fitowarsa. A ɗan buɗe ɓawon a soka farce a ƙwaya ɗaya: ruwa fari kamar madara, ta yi, ruwa garai, da saura, in ba ruwan, ta wuce. Ita ce za a karya ƙarshe, bayan ruwan tukunya ya kusa tafasa. Tumatir a tallafe shi a ɗaga sama, nunanne na rabuwa da kansa a gaɓar da ke saman 'ya'yan. In sai an fizga, a bar shi gobe. Kuɓewa a yanke ta tana da tsawon santimita 7 zuwa 10, domin kwana biyu na iya mayar da ita itace, kuma a sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi. Ɗanyen wake hannu biyu ake sa masa, ɗaya ya riƙe reshe ɗaya ya cire, in ba haka ba sai a tumɓuke tsiron ɗungurungum. Kokwamba a yanke da wuƙa tun tana kore shar, kafin ta fara rawaya ƙwayoyinta su yi tauri. Latas da alayyahu a bi ganyen waje ana barin zuciyar, ta haka tsiro ɗaya zai ciyar da ku sau da yawa. Dankalin turawa a kafa fartanya nesa da gindin da kamar taƙi ɗaya, a ɗago ƙasar a tsince da hannu, wanda ya ji rauni a ci shi ranar.

Kankana ce mai wuyar sha'ani, don ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta. Ƙwanƙwasawar da kowa ke yi ba ta da tabbas ga wanda kunnensa bai saba ba. Alamu biyu sun fi ta: ɗan zaren nan mai naɗi da ke daidai inda kankanar ta maƙale da yaɗo ya bushe, sannan gefen da ke kwance a ƙasa ya tashi daga fari ya koma rawaya. In kuna tantama, ku bar mai lambun ya zaɓa.

Abu biyu ba a yi musu kara. Kokwamba ko ɗanyar kabewa mai ɗaci sosai a tofar, a zubar da ita gaba ɗaya. Ɗacin na sinadarin kukabitasin ne, yakan yi yawa idan tsiro ya sha ƙishi da zafi ko irin ya gauraya da na daji, yana sa amai da gudawa, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Shi ya sa yake da kyau a ɗanɗana ɗan yanki kafin a yanka sauran cikin tukunya. Na biyu dankalin da ya yi kore don hasken rana ya taɓa shi, wanda ke tara gubar solanin. Ɗan tabo a yanke shi da zurfi, in koren ya yi yawa ko dankalin na ɗaci a jefar.

Cewa abu daga lambu ya fito bai sa ya zama mai tsabta ba, kuma a nan baƙi suka fi sakin jiki. A tambayi mai lambun kai tsaye wane taki ya sa kuma yaushe. Ƙa'idar da masu noma ba da takin zamani ba ke bi a Amurka ita ce ɗanyen kashin dabbobi ya kwana 120 a ƙasa kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, irin su karas da latas, ko kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kamar masara. Idan takin sabo ne, ganyen wannan fangalin na tukunya ne, ba na ci ɗanye ba. A tambayi feshi ma. Kowane maganin ƙwari na da adadin kwanakin da ake jira kafin girbi, a rubuce a jikin kwalbarsa, kuma wanki ba ya maye gurbin jiran. Wankin kansa, dab da girki ake yi, da ruwan da za a iya sha. Ganye a nutsar da shi a baho cike da ruwa, a kaɗa, a tsamo shi sama a bar yashin a ƙasa, a sake har sau uku. Wanda ya karkata bahon ya tsiyaye ruwan ta kan ganyen ya mayar masa da yashinsa. Ba a sa sabulu.

Inda za a ajiye me

Da an samu firij sai a ga ana ta cusa komai a ciki, ga shi kuma wasu kayan sanyi ne ke ɓata su. Tumatir ƙasa da digiri 12 yana rasa ƙamshinsa, namansa ya yi gari-gari. Wurinsa inuwa ne mai iska, a jere bai-ɗaya ba a kan juna ba, kansa yana kallon ƙasa. Kokwamba ma in ta jima ƙasa da digiri 10 sai ta yi ramuka ta yi ruwa. Ganyen ɗaɗɗoya baƙi yake yi a firij, gara a tsoma gindinsa a kofin ruwa. Masu son sanyi su ne latas, alayyahu, masara da ɗanyen wake. Karas a cire masa ganye nan take, domin ganyen na ci gaba da zuƙe ruwan saiwar.

Akwai kuma maƙwabtakar da ba ta yi. Nunannen tumatir da ayaba da tuffa na fitar da iskar etilin, wadda ke sa kokwamba rawaya, ta sa wa latas tabo-tabo. A raba musu kwando. Dankali a duhu, nesa da albasa.

Inda babu wuta, kula biyun nan ne madogara. Ɗaya ta abin sha, a buɗe ta yadda aka ga dama. Ɗayar ta nama da madara, ba a buɗe ta sai da dalili, a ajiye ta a inuwa a lulluɓe da bargo. Dunƙulen ƙanƙara ya fi gutsattsari jimawa, kuma robobin ruwa da aka daskarar tun daga gida na yin aiki biyu, tunda in sun narke an samu ruwan sha. Nama a ƙasa cikin mazubi mai murfi, ma'auni ya nuna digiri 5 ko ƙasa. Ga ganye da tumatir, tukunyar ƙasa cikin wata babbar tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu da jiƙaƙƙen ƙyalle a baki na rage zafi sosai, amma inda iska ke da bushewa kawai, kuma sanyinta bai kai na ajiye nama ba.

Girki

Sabon abu ba ya son a yi masa yawa. Duk miyar da za a cika da kayan ƙamshi har a kasa gane tumatirin jiya da na yau, to a birni ma ana iya yin ta. Tumatir a yanka shi manya, a barbaɗa gishiri minti 10 kafin ci don ruwansa ya fito ya haɗu da mai, a sa albasar da aka jiƙa a ruwan sanyi na minti 10 ta rage yaji. Ɗanyen wake minti 4 zuwa 5 a tafasasshen ruwan gishiri, a tsame yana kore. Masara mai zaƙi minti 3 zuwa 5 ta isa. Ta gona wadda aka karya ɗanya ta fi haka ɗaukar lokaci. In gasawa za a yi, a jiƙa ta da ɓawonta na kwata awa, a ɗora minti 15 zuwa 20 ana juyawa, ta dahu da tururinta. Sabon dankali ba a fere shi, goge shi ake yi da yatsa fatar ta saɓule, a dafa minti 15 zuwa 20. Alayyahu kuma yaudara gare shi: kwando cike kan koma kwano ɗaya, don haka a tsinko fiye da yadda ido ya ce.

Burodin kasko na raba ku da zaryar neman burodi. Fulawa giram 500, ruwan ɗumi mililita 320, yis giram 7, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, mai babban cokali biyu. A murza minti 8, a rufe. Da zafi cikin minti 40 zuwa awa ɗaya ya ninka, kuma in an manta da shi sai ya yi tsami ya saki. A raba takwas, a baje, a gasa a busasshen kasko mai zafi minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, a tara su cikin ƙyalle don su yi laushi.

Kazar da ke kiwo a sake ta fi ɗanɗano, ta kuma fi tauri, domin ta fi shekaru kuma ta yi yawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora ta a wuta kai tsaye kamar ta gidan gona, a ƙare da naman da haƙori ba ya shiga. Dahuwa take so a kan wuta kaɗan-kaɗan, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ana son ƙamshin gashi, bayan ta yi laushi sai a ɗora ta a garwashi na 'yan mintuna, romon kuma ya tafi shinkafa. Wajen figa, ruwan ya kasance digiri 55 zuwa 60, a tsoma ta daƙiƙa 30 zuwa 60. Tafasasshen ruwa na dafa fatar ta riƙa yagewa. Wajen fiɗa a kula da matsarmamar da ke manne da hanta, in ta fashe duk inda ta taɓa ya yi ɗaci. Nama na sandarewa 'yan awanni bayan yanka, saboda haka ko dai ta shiga tukunya nan take, ko ta kwana a sanyi ta saki. Tsakanin nan ne ta fi tauri. Kazar kilo 2 a raye takan koma kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, abincin mutum huɗu. A yi aikinta nesa da inda ake yanka ganye, a wanke wuƙa da hannu da sabulu. Ta dahu idan ma'auni ya nuna digiri 74 a tsokar cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba.

Gawayi sai ya lulluɓe da farar toka ake ɗora abu, wajen minti 20 zuwa 30 bayan kunnawa. A tara garwashin gefe ɗaya a bar ɗaya gefen fili, don in kitse ya ɗiga wuta ta tashi a samu inda za a janye nama. Ko ruwan sama ya sauko, kada a shigar da murhun gawayi ɗaki ko tanti. Iskar kabon monoksaid da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Kafin a kwanta a kashe wutar da ruwa, musamman inda ciyawa ta bushe.

Madarar da aka tatso yanzu, a nan ne za a samu mai cewa dafa ta ɓata ta ne. Ban yarda ba. Saniya mai ƙoshin lafiya a ido na iya ɗauke da ƙwayoyin burusela ko tarin fuka na shanu, ban da salmonela da listeriya da ke shiga wajen tatsa, kuma yara da masu juna biyu da tsofaffi ne suka fi jin jiki. A riƙe ta a digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, ko kawai a tafasa ta ana motsawa, sannan a sanyaya da sauri ta hanyar tsoma tukunyar a bahon ruwan sanyi. Wadda ta yi saura ta zama cuku: lita 2 a kai ta wajen digiri 85 zuwa 90, a sauke, a zuba ruwan lemon tsami babban cokali huɗu, a bari minti 10 ta tsinke, a tace a ƙyalle mai tsabta da ɗan gishiri. Ana samun kusan giram 300. In ruwan da ya rabu fari ne har yanzu, tsamin bai isa ba, a ƙara cokali ɗaya.

Ƙwai na zuwa da wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawonsa, don haka ba a wanke shi sai za a fasa. In ya zama dole, ruwan ya fi ƙwan ɗumi, domin ruwan sanyi na sa cikinsa ya tsuke ya ja datti ciki. Wanda aka tsinto a cikin ciyawa ba a san kwanansa ba, a gwada shi a ruwa: ya kwanta sabo ne, ya taso sama a jefar. Sabon ƙwai kuma ba ya ɓaruwa in an dafa, gara a soya shi a bar mai kwana bakwai wa dahuwa. Zuma kuwa, komai kyanta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Agogo, ruwa, da mutane

Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a abinci. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Hira ce ke cinye wannan lokacin: an ci, an kishingiɗa, tukunya na nan a buɗe har la'asar. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin kwashewa da zarar an gama. Shinkafa ta fi kowa haɗari, don ƙwayar cutar da ke cikinta na jure dahuwa, gubar da take fitarwa kuma ɗumame ba ya kashe ta. Inda babu firij, a dafa daidai ci.

Ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku a kan tsaunin da ya haura mita 2,000. Sha da girki da wanke-wanke, a ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum a rana, lita 160 ke nan ga mutum takwas, lissafin da ke da muhimmanci idan ɗebowa ake yi. In gudawa ta kama wani, a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ko ƙaramin yaro da ya daina fitsari, wannan na asibiti ne.

Laimar kwaɗi da 'ya'yan itacen daji, baƙo kada ya taɓa, ko manhajar waya ta ce masa ana ci. Masu kisa cikin laimar kwaɗin na kama da waɗanda ake ci, dahuwa ba ta rage musu guba, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da hanta ta riga ta fara lalacewa.

Abokai ba a kan abinci suke ɓatawa ba, a kan wanke-wanke ne. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma sai in kowane hannu ya san aikinsa. Tun daren farko a raba bibbiyu: masu tsinka, masu girki, masu wanke-wanke, masu ruwa da wuta, ana juyawa kullum, kuma wanda ya dafa ba ya wanki. Kuɗi a tara su hannun mutum ɗaya yana rubutawa. A tambayi kowa tun kafin tafiya abin da jikinsa ba ya karɓa, irin su gyaɗa, ƙwai ko madara, da abin da ba ya ci. Babban girki ɗaya a rana ya isa, da yamma in rana ta yi sanyi. Na rana ya zama burodi da cuku da tumatir da kankana. Game da mai gida, ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, kada a ba dabbobinsa ragowar abinci sai an tambaya, kuma awa ɗaya ta cire ciyawa ko ban-ruwa da safe ta fi masa doguwar godiya.

Na tafiya da shi gida, da safiyar ranar ake tsinka. Tumatir a zaɓi wanda ya fara ja bai gama ba, a jera a kwali ko kwando mai iska. Leda a ɗaure cikin but ɗin motar da ta sha rana na dafa ganye kafin a isa. 'Ya'yan itacen da suka nuna da yawa a yi jam da su tun daren: kilo ɗaya da sukari giram 750 da ruwan lemon tsami ɗaya, a dafa har digiri 105, a zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa minti 10. Kokwamba da karas a zuba musu ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari da ruwa daidai-wa-daida, da gishiri babban cokali ɗaya a kowane rabin lita, a sa a firij da an isa, a cinye cikin sati biyu. Wake da masara da nama kuwa kada a rufe su a kwalba da tafasa kawai. Ba su da tsami, kuma ƙwayar da ke haddasa gubar botulinum na tsira a digiri 100, sai tukunyar matsi, mai kulle tururi, da ke kai 116 zuwa 121 ke kashe ta. Haka tafarnuwar da aka nutsar a mai aka ajiye a waje ba a firij ba. Idan tafiyar ta haɗa da tsallake iyakar ƙasa, a duba dokar tun kafin a ɗaura, domin ƙasashe da dama na hana shigar da nama da madara da ɗanyen kayan gona, kuma a wurin bincike ake karɓe su.